Ba Sai An Yi Maka Asiri Ba

Duk sanda aka damfari wani a garin nan na Legas, ko a Oshodi ne ko Agege ko Obalende, maganar da ke fita daga bakinsa kusan guda ce: "Wallahi ban san sanda na miƙa musu kuɗin ba, asiri suka yi mini." Ban zo jayayya a kan sihiri ba, wannan fagen malamai ne. Amma in ka zaunar da mutumin ya ba ka labarin daki-daki, tun daga sallama har zuwa cire kuɗi a wurin mai POS, sau da yawa za ka tarar babu inda aka buƙaci boka. Ƙofofin da aka bi aka shige shi, kowa yana da su, farfesa da mai tura baro, kuma a buɗe suke kwana. Su ɗan siyasa yake bi, su mai talla yake bi, haka dillali da mai turo saƙon murya a WhatsApp.

Mu fara da kasuwa, tunda nan abin ya fi fitowa fili. A ce saura kwana huɗu Babbar Sallah, mutum ya shiga Alaba Rago da niyyar sayen rago na dubu 350. Ya tsaya gaban wani, ya shafa bayansa, ya ɗaga leɓe ya duba haƙori. Kafin ya buɗe baki sai dillali ya matso ya rage murya: "Alhaji, wannan ɗazun nan aka taya shi dubu 600, mai shi ya ce albarka." Shi ke nan, an gama da shi. Yanzu dubu 350 ɗin da ya zo da ita ta koma tayin raini, kunya ba za ta bari ya furta ta ba. Sai ya taya 430, a yi ta ja, a sallama a 480. Ya koma gida yana ba da labarin ya karya farashi da dubu 120, alhali ƙari ya yi na dubu 130 a kan abin da ya ƙudurta.

Lambar da ta fara shiga kunne turke ce, duk tunanin da zai biyo baya a kewayenta yake kiwo. A 1974 Amos Tversky da Daniel Kahneman sun wallafa wani gwaji da ya nuna haka. Sun juya wata ƙafar caca a gaban mutane, wadda aka riga aka shirya ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne ƙasashen Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen kashi 25, waɗanda suka ga 65 wajen kashi 45. Lambar caca ce fa, a gabansu aka juya, sun san ba ta da alaƙa da tambayar, amma ta ja su. Kada wani ya ce ai waɗannan ba ƙwararru ba ne. A 2006 an gwada masana shari'a a Jamus da 'ya'yan lido biyu da aka shirya su ba da jimillar 3 ko 9 kafin su yanke hukunci a kan shari'ar sata a kanti. Masu 3 sun yanke wajen wata biyar, masu 9 wajen wata takwas.

Musulunci ya daɗe da sanin wannan ƙofar. Hadisin Ibn Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana najashi, wato mutum ya ɗaga tayi ba da niyyar saye ba, don kawai wani ya ruɗu ya ƙara.

Maganinsa ba wayo ba ne, domin sanin dabarar ba ya hana ta aiki. Shiri ne tun daga gida. Ka tambayi farashi a wuri uku kafin ranar saye, ka rubuta iyakarka a takarda ko a waya, ka bar ragowar kuɗin a gida. In an jefo maka lambar da ta wuce hankali, kada ka taya a kanta, domin da ka taya ka yarda da turken. Ka ce Allah ya ba da kasuwa, ka wuce gaba. Inda mutane suke faɗawa shi ne raba farashi biyu, wai in an ce 600 sai ka taya 300. 'Yan kasuwar Balogun da Computer Village sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa suke ninka lambar tun farko.

Ƙofa ta biyu ta fi wannan haɗari, domin ra'ayi take taɓawa: maimaici. Ƙwaƙwalwa tana ɗaukar abin da ta saba ji a matsayin abin da ta tabbatar. A 1977 Hasher da Goldstein da Toppino sun karanta wa ɗalibai jerin maganganu, wasu gaskiya wasu ƙarya, sau uku, mako biyu tsakani. Maganganun da aka maimaita sai ƙara samun amincewa suke yi, har da na ƙaryar. Ba a kawo wata hujja sabuwa ba, kunne ne kawai ya saba.

Mazauna Legas sun ga wannan da idonsu. Cutar Ebola ta shigo garin nan a watan Yulin 2014. Cikin watan Agusta, dare ɗaya saƙo ya karaɗe ƙasa cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Kafin asuba uwa ta kira ɗanta daga Kano, yaya ya kira ƙanensa daga Jos, maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum ya ji daga baki biyar, sai ya ce ai magana ta tabbata. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu suka kwanta asibiti. Bakin biyar ne, amma tushen maganar ɗaya ne. Nan ne lissafinmu yake ɓaci: muna ƙirga sau nawa magana ta iso mu, ba ma ƙirga daga rijiya nawa aka ɗebo ta.

Saboda haka tambaya ɗaya ce za ka yi wa wanda ya turo maka abu: "Kai a ina ka samu?" In ya ce a wani guruf, to bai sani ba ke nan. Ka kuma lura da kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da ya yi yawo da yawa. Tun 2020 irin wannan saƙon wuri ɗaya kawai ake iya tura shi a lokaci guda, kuma ba banza suka yi haka ba. Wani kuskure da masu kyakkyawar niyya suke yi shi ne su sake yaɗa ƙaryar da kanta, su rubuta "wannan ba gaskiya ba ne" a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Bayan mako biyu gargaɗin ya gushe, hoton da kanun sun zauna. In za ka gyara, fara da gaskiyar, ka ambaci ƙaryar sau ɗaya a taƙaice, ka rufe da gaskiyar.

Sai ƙofar taro. A gwajin Solomon Asch na farkon shekarun 1950 a Amurka, ana nuna wa mutum layuka a tambaye shi wanne ya yi daidai da wani, amsar a bayyane take. Amma sauran da ke ɗakin duk 'yan shiri ne, sai su haɗa baki su faɗi amsar da ba ita ba. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. 'Yan kamasho a tasha ba su karanta Asch ba, amma sun san in aka zaunar da mutum huɗu a mota, fasinja zai shiga yana zaton saura kaɗan ta cika, sai ya ga suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda tsohuwar damfarar tasi take tafiya, a lura da jerin. Ka tare mota, akwai fasinja biyu a ciki. An ɗan taɓa tafiya sai direba ya fara faɗa da ɗayansu a kan wata jaka da ke but, wai kuɗin waje ne, zai kai shi wurin 'yan sanda. Fasinjan ya fara roƙo, ya ce na uban gidansa ne ya gudo da su, a rufa masa asiri a raba. Na ukun, wanda ya fi kowa kamala, wataƙila har da carbi a hannu, sai ya juyo gare ka: "Malam, kai me ka gani?" Ba a nemi sisinka ba tukuna, ra'ayinka kawai aka nema. Da ka ce a yi masa haƙuri, ka shiga. Daga nan sai rantsuwar riƙe sirri, sai a je wani gida, sai a ce kuɗin suna buƙatar wankewa ko addu'a, kowa ya kawo nasa kason. Na ukun nan shi zai fara zaro nasa.

Kowane mataki ƙarami ne a kan wanda ya gabace shi, kuma mutum ba ya son ya saɓa wa abin da ya riga ya furta. Freedman da Fraser sun gwada wannan a Kalifoniya a 1966. Da aka nemi masu gidaje kai tsaye su bari a kafa wani ƙaton allo mara kyan gani a ƙofar gidansu, kashi 17 cikin ɗari suka yarda. Waɗanda aka fara roƙa su liƙa 'yar ƙaramar takarda mai irin saƙon makonni biyu kafin nan, kashi 76 suka yarda. Haka MMM, harkar zuba kuɗin nan ta intanet, ta yi da jama'a: alƙawarin ribar kashi 30 a wata, ka fara da kaɗan, a biya ka, ka ga hotunan alat na abokai, ka zuba jarin shago. A Disambar 2016 aka rufe asusun kowa.

Mu da muke zaune a nan akwai wata ƙofa da ta fi faɗi a wurinmu, ita ce "namu ne". Baƙunta tana sa harshen gida ya yi daɗi fiye da kima. Mutum ya wuni cikin Yarbanci da Turancin buroka, sai wani ya yi masa sallama da Hausa a Mile 12 ko Idi-Araba, ya tambaye shi garinsu, ya ce ai kakarsa 'yar can ce. Nan take rabin tsaron ya zube. Zumunci abu ne mai kyau, da shi ɗan ci-rani yake samun wurin kwana ranar da ya sauka. Sai dai harshe da hula da gemu suna nuna inda mutum ya fito ne, ba sa nuna ko zai biya bashi. Ma'aunin mai sauƙi ne: da wanda ba ya jin Hausa ne ya kawo maka wannan harkar, da waɗannan sharuɗɗan, za ka ba shi kuɗinka ba rasit ba shaida? In amsar a'a ce, to ba harkar ce ta gamsar da kai ba.

Abin da ya fi ba da tsoro shi ne bayan an ja mu, mu da kanmu muke ƙera dalilai. A 2005 Petter Johansson da Lars Hall na jami'ar Lund a Suwidin sun nuna wa mutane hotuna biyu su zaɓi fuskar da ta fi burge su, sai su yi dabara su miƙa musu wadda ba su zaɓa ba, su ce su faɗi dalili. Mafi yawa ba su gane an musanya ba, suka shiga bayani dalla-dalla a kan fuskar da suka ƙi. Ka tuna da wannan in gardamar siyasa ta kaure a teburin mai shayi. Sau da yawa zuciya ta riga ta zaɓa tun ranar da aka ga wanda babanmu ko malaminmu ko 'yan unguwarmu suke so, hujjojin daga baya aka ɗauko su haya. Gwajinsa: ɗauki maganar da gwaninka ya yi, ka sa ta a bakin wanda ka ƙi jini, ka ji ko har yanzu tana da daɗi.

A nan kuma sai a yi hattara, domin fagen nan ma cike yake da ƙarin gishiri. Labarin da ake yawan bayarwa cewa an ɓoye saƙo cikin fim a wani silima a Amurka a 1957, mutane suka ruga sayen lemo da gugguru ba su san dalili ba, James Vicary da ya ƙirƙiro shi ya amsa a 1962 cewa babu wani ingantaccen bincike a bayansa. A 2015 kuma da aka sake gwada bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba. Don haka mai sayar maka da kwas na "sirrin mallake zukata cikin daƙiƙa bakwai" shi ma ta ƙofofin nan yake shigo maka.

Duk waɗannan dabarun abu ɗaya suke jingina da shi, ƙarancin lokaci. Shi ya sa kullum za ka ji "yau ne ƙarshe", "saura gurbi biyu", "za a rufe asusunka in ba ka turo lambar da ta shigo wayarka ba". Banki ba ya neman wannan lambar ta waya. Legas kuma gari ne da ke gajiyar da mutum: wanda ya yi awa uku a danfo daga Obalende zuwa Agege, ga yunwa ga zafi, ba ya cikin halin auna magana. An hana alƙali yanke hukunci yana cikin fushi, balle mai sa hannu a takardar fili.

Don haka ka sa wa kanka adadi, ko dubu 50 ne ko 100 gwargwadon ƙarfinka, wanda duk abin da ya haura shi sai ya kwana. Duk wanda ya ce kada ka faɗa wa kowa, shi ne dalilin da zai sa ka faɗa. A gwajin Asch, da aka sa mutum ɗaya tak cikin taron ya faɗi amsar gaskiya, bin taron ya faɗi warwas. Amma shawarar ma tana da yadda ake nemanta. Ka nemi wanda ba ya cikin guruf ɗin, ba shi da la'ada a ciki, kuma ba ya jin nauyinka. Kada ka fara da "na samu wata harka mai kyau", kada ka faɗi farashin da aka ba ka, domin ka kafa masa turken da aka kafa maka ke nan. Ka zayyana masa abin yadda yake, ka tambaye shi nawa zai biya da shi ne, sannan ka yi shiru har sai ya fara faɗin tasa lambar.