Gyara bodin tsohuwar motarka a gida, amma ka bar shasi ga masu awo

Tunda kuɗin gyara da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi, ina ganin mutane da yawa suna komawa gyara motarsu a ƙofar gida bayan an buge ta. Ina goyon bayan wannan, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Mai tsohuwar Golf 3 ko Corolla ko Honda da aka daki fendarta a go-sulo ba shi da dalilin ajiye ta wata guda a gareji yana jiran fanel bita ya ga dama. Inda nake da ja shi ne wurin da wasu suke wuce gona da iri, su ɗaura sarƙa a jikin darbejiya, su maƙala ta a gaban mota, su sa ribas suna fizga wai suna miƙe shasi. Jama'a, wannan wasa ne da rai.

Mota tana da fata, tana da ƙashi. Bamba, fenda, bonet, ƙofa, murfin but da fitilu duk fata ne, kuma galibinsu da noti aka ɗaure su. Mai sifana da haƙuri zai kwance su. Ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo idan kana Abuja, ka nemo na Beljiyam, wani lokaci har ka yi sa'ar kala ɗaya da motarka. Idan lotsawa ce kawai, a buga ta daga ciki da guduma a hankali, daga gefen lotsawar zuwa tsakiya, ana tokare bayan ƙarfen da wani ƙarfe mai santsi. Sai sanfefa, sai fila, sai fenti. Ko aikin bai fito tsaf ba, ido kawai zai yi ƙorafi.

Maganar fila kuma, don Allah a rage. An yi ta ne don cike ɗan ramin da guduma ta bari, milimita 2 ko 3, idan ta kai 6 an riga an wuce iyaka. Amma sai ka ga an lafta ta kamar ana yaɓen ɗaki, har da wurin da tsatsa ta ci ba a kankare ba. Rana ta gasa ta, damina ta jiƙa ta ta baya, kafin shekara ta zagayo ta tsage ta fara zubowa. Mai sayen tsohuwar mota ya riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu: duk inda ya ƙi kama jikin ƙarfen, fila ce ta yi kauri a wurin.

Ƙashin shi ne inda mutane suke ruɗewa, domin sun ɗauka kowace mota tana zaune ne a kan shasi daban, irin na Hilux ko Land Cruiser. Ƙananan motocinmu ba haka suke ba. A Corolla da Camry da Golf da Accord, bodin ne shasin: ƙasan motar, ginshiƙan ƙofofi, rufi, da ƙarafa biyun nan dogaye da suka fito gaba suka riƙe inji, duk an haɗa su da walda sun zama abu ɗaya. A jikinsu aka ɗaura inji, da giya, da shok, da sitiyari. Idan ɗaya ya goce da kaurin ɗan yatsa, ƙafar motar ta goce ke nan. Shi ya sa za ka ga mota daga baya tana tafiya a karkace, ko taya ɗaya tana cinyewa ta gefe guda, ko an kai ta alaimen sau da yawa amma sitiyari ya ƙi tsayawa a tsakiya. A wuraren da suke aikin da gaske, ɗaure motar ake yi a kan benci, a auna ta da ma'aunin da kamfani ya fitar, kuma kuskuren da ake yarda da shi bai cika wuce milimita 3 ba. Wa zai samu milimita 3 da bishiya da ribas?

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Gaban mota an ƙera shi ne da gangan don ya lotse. Wani injiniyan Mercedes-Benz, Béla Barényi, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1952, kamfanin ya fito da ita sosai a motocinsa na 1959, daga baya kowa ya bi. Ƙarfen gaba yana naɗewa ya shanye ƙarfin karo kafin ya iso ga mutanen da ke ciki. Ƙarfen da ya naɗe sau ɗaya ya yi aikinsa ya gama. Idan ka miƙe shi da ƙarfi, ka gasa shi da wutar gas har ya yi ja, zai dawo kamanninsa amma ƙarfinsa ya tafi. Ranar karo na biyu ba zai naɗe yadda aka tsara ba, zai karye ne ko ya shige ciki.

Na san me wasu za su ce: ai iyayenmu sun yi ta buga fijo a gindin bishiya, ba abin da ya faru. Akwai gaskiya a ciki. Fijo 504 ɗin da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975 ƙarfenta mai laushi ne, yana jure guduma da wuta. Amma motar da muke kira tsohuwa yau ta shekarun 2000 ce, kuma a wuraren da suka fi muhimmanci an sa mata ƙarfe siriri mai tauri wanda zafi yake lalatawa, har kamfanoni suna cewa kada a gasa shi, a canza shi. Hannun da ya saba da 504 zai iya kashe wannan ƙarfen yana ganin gyara yake yi. Sannan waɗanda abin ya faru da su a hanyar Zariya ko ta Bauchi ba su dawo sun ba da labarin waldar da ta ɓalle ba.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne yanka da haɗi, a sayo rabin gaban wata mota a liƙa shi da waldar gas a jikin wata, a shafe da fila. Ga kuma jakar iska, wato airbag, da ta fashe, a manne murfinta, a yi wa fitilar gargaɗi dabara ta daina kamawa. Fitilar nan kamata ya yi ta kama idan ka murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. Idan ba ta kama ba sam, ka yi tambaya. Bel ɗin da ya ƙulle a lokacin karo shi ma na canzawa ne. Wanda ya yi irin wannan aiki ya kai motar kasuwa ya yi shiru, ya tuna hadisin nan da Muslim ya ruwaito, cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Dillalai, da ku nake.

To yaya mutum zai gane ko bugun ya kai ƙashi? Ajiye motar a kan siminti mai daidai. Ɗauki tef, ka auna daga notin shok na dama zuwa kusurwar gaba ta hagu, sannan ka auna ɗaya gefen a giciye, ya kamata awo biyun su zo ɗaya. Auna tsakanin tayar gaba da ta baya a kowane gefe. Duba ratar ƙofofi, ko wata ta fara gogawa, ko rufi ya yi ɗan kumburi a saman ginshiƙi. Haska tocila a jikin ƙarafan da suka riƙe inji, ka nemi inda fenti ya tsage ko ƙarfe ya yi yamutsi. Idan duk lafiya, bismillah, yi aikinka, amma ka cire kan batir kafin kowace walda, ka nisanci tankin mai, kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe.

Idan kuwa awo ya saɓa, ka kai ta inda suke da benci da ma'auni, ka tambaye su awon kafin aiki da bayan aiki. Idan kuɗin da suka faɗa ya kusa kuɗin motar, ka kwance inji da giya da ƙofofi ka sayar, 'yan gwangwan su auna sauran, ka haɗa abin da ya samu ka fara neman wata.