Harsashi ba kayan da ake ajiyewa a dakali ba ne

A yawancin jihohin Amurka mutum zai iya kishingiɗa a ɗakinsa da dare, ya buɗe waya, ya yi odar harsashi dubu ɗaya, ya biya da kati. Bayan 'yan kwanaki motar kamfanin kai saƙo ta tsaya a ƙofar gidansa, direba ya sauke kwalin a dakali, ya ja motarsa ya ƙara gaba. Ba dole ne ya jira a buɗe ƙofa ba, ba dole ne ya ga fuskar kowa ba, kuma babu wanda ya sa hannu cewa ya karɓa. Kwalin yana iya wuni a wurin har mai shi ya taso daga aiki. A jihar Texas nake zaune, inda wannan bai dami kowa ba, amma ni har gobe raina bai kwanta da shi ba. Abin da nake gani shi ne, kayan da aka ƙera domin kisa bai kamata ya bar hannun direba ba sai ya shiga hannun baligi da aka ga katin shaidarsa, ya kuma rattaba hannu.

Ba haka dokar ƙasar take ba tun asali. Bindigar da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a Dallas a 1963, ta wasiƙa aka yi odarta daga wani shago a Chicago. A 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy, majalisa ta yi dokar da ta hana aika wa mutum bindiga ko harsashi kai tsaye daga wata jiha idan ba dillali ne mai lasisi ba. Sai a 1986, zamanin Reagan, aka yi wata doka da ta ɗage takunkumin da ke kan harsashi, ta bar na bindiga. A lokacin babu wanda yake cinikin intanet. Da intanet ta zo, sai ta tarar da ƙofa a buɗe.

Shi ya sa yau hanyar bindiga daban, ta harsashi daban. Idan ka sayi bindiga ta intanet, ba gidanka za a kawo ta ba. Shagon dillali mai lasisi za a kai ta, ka je da ƙafarka, ka nuna katin shaida, ka cike takarda, a bincika sunanka ko kana cikin waɗanda doka ta haramta wa riƙe makami. Shi kuwa harsashi, dokar tarayya ba ta buƙaci wannan binciken ba. Ta dai ce dillali mai lasisi kada ya sayar da na ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba, na doguwa kuma ga wanda bai kai 18 ba. Ta kuma haramta wa wanda aka taɓa samu da babban laifi ya mallake shi. To amma wa zai tabbatar da shekarun mai saye idan duk abin da aka nema daga gare shi bai wuce ya latsa wani ɗan akwati a allo cewa shi babba ne ba?

Gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukar harsashi. Kamfanoni masu zaman kansu irin su UPS da FedEx ne ke ɗauka, ta mota, kuma kwali ɗaya ba ya wuce kilo 30. Ba a rubuta a jikinsa cewa harsashi ne. Wata alama ce kawai mai kusurwa huɗu, sama da ƙasanta baƙi, irin wadda ake liƙa wa kwalin turare ko maganin feshi. 'Yan uwanmu da yawa daga Najeriya da Nijar da Ghana suna aikin kai saƙo a biranen nan, kuma na tabbata wasu sun sha sauke irin kwalin nan, ƙarami amma mai nauyin tsiya, ba tare da sun san abin da suka ɗauko ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ake yi da giya da taba. Idan aka aiko wa mutum kwalbar giya, direba ba zai ajiye ta a ƙofa ba, sai wanda ya kai shekara 21 ya fito ya nuna kati ya sa hannu. Idan ba kowa a gida, ya koma da ita. Taba sigari da tabar lantarki ma dokar tarayya ta wajabta sa hannun baligi kafin a miƙa. Ke nan ƙasar ta san yadda ake wannan aikin, direbobin suna da na'urar a hannunsu, tsarin yana nan yana aiki kullum. An dai zaɓi kada a ɗora shi kan harsashi ne. A shaguna da yawa na intanet, sa hannu zaɓi ne da mai saye zai ƙara 'yan daloli ya nema idan ya ga dama. Yaron da yake son ɓoye wa iyayensa abin da ya saya kuwa ba zai nema ba.

Wannan ba hasashe nake yi ba. A garin Santa Fe, nan kusa da Houston, ranar 18 ga Mayu 2018 wani ɗalibi ɗan shekara 17 ya shiga makarantarsu ya kashe mutum 10, ɗalibai takwas da malamai biyu. Bindigogin na mahaifinsa ne. Iyalan mamatan sun kai ƙarar shagon intanet na Lucky Gunner, suna cewa yaron ya sayi harsasai a wurinsu da katin kuɗi irin wanda ake saye a kanti, ba tare da an nemi wata shaidar shekarunsa ba. A 2023 aka sasanta, shagon ya amince zai riƙa tantance shekarun masu saye. Shekaru iyaye suka yi suna zirga-zirgar kotu kafin a samu abin da tun farko bai kamata a roƙa ba.

Ba zan ce sa hannu maganin komai ba ne, domin zai zama na yi wa masu karatu ƙarya. Wanda ya buɗe wuta a gidan sinima na Aurora a jihar Colorado a Yulin 2012, ya kashe mutum 12, ya sayi harsashi fiye da 6,000 ta intanet, kuma baligi ne da zai iya sa hannu da kansa. Wanda ya kashe yara 19 da malamai biyu a makarantar firamare ta Uvalde a Mayun 2022 ya riga ya cika 18, kuma rahoton kwamitin majalisar Texas ya nuna an aiko masa da harsashi 1,740 daga wani shagon intanet. Irin waɗannan sai an taɓa wasu dokokin kafin a tare su. Amma don ƙofa ɗaya ba ta hana kowane ɓarawo shiga ba, ba a cewa a bar ta a buɗe. Sa hannu yana tare yaro, yana tare mai wucewa da ya ga kwali a dakali, yana kuma sa wani babba a gidan ya san abin da ya shigo.

Na saurari masu bindiga a nan, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Wani maƙwabcina maharbi, dattijo mai mutunci da yake fita farautar barewa duk kaka, ya ce mini shi yana wurin aiki lokacin da motar take zuwa. Idan aka ce sai da sa hannu, direba zai liƙa masa takarda ya tafi, shi kuma ya ɓata yammacinsa zuwa ɗakin ajiyar kamfani. Ya ce harsashi a cikin kwali ba ya tashi da kansa, ba ya fashewa kamar bam, kuma ɓarawon da ya sace shi zai iya shiga kowane shago ya saya. Wasu kuma suna ganin duk wani sharaɗi da aka ƙara mataki ne na rage musu 'yancin da kundin tsarin mulkinsu ya ba su. Na yarda da shi cewa akwai wahala. Amma wahalar yamma ɗaya ce. Satar kwali daga ƙofar gida kuwa ta zama ruwan dare a Amurka, har ta sa mutane da yawa suka liƙa kyamara a ƙofa. A gidajen haya masu hawa-hawa, saƙonni a tsibe ake zube su kusa da akwatunan wasiƙa, yara suna wasa a gefensu. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kuma wanda doka ta hana shi mallakar harsashi, ko yaron da mai shago zai kora, shi ne ya fi kowa amfana da kwalin da ba mai gadi.

Wasu jihohin sun ɗauki mataki. A California, bayan ƙuri'ar jama'a ta 2016, tun daga 2018 harsashin da aka saya ta intanet sai an kai shi wurin dillali mai lasisi, daga 2019 kuma aka ƙara binciken suna, ko da yake masu adawa sun daɗe suna fafatawa da dokar a kotu. New York ta fara nata binciken a Satumbar 2023. Illinois tana neman katin izinin mallakar makami. Colorado ta yi doka a 2025 da ta ɗaga shekarun saye zuwa 21 tare da wasu togaciya, ta kuma nemi a tantance shekarun mai karɓa a lokacin kawowa. Sauran jihohin da yawa, har da tamu, sun bar abin ga son ran mai sayarwa.

Idan na ba 'yan gida wannan labarin ta waya, sai su riƙe baki, su ce Turawa sun haukace. Ni kuma sai in ce mu yi a hankali, don namu bai fi nasu kyau ba, ya ma fi ciwo. A takarda dokar Najeriya ta fi tsauri nesa ba kusa ba. Dokar makamai ta 1959 ta hana mutum riƙe harsashi idan ba shi da lasisin bindigar da ake sa shi a ciki, har bindigar toka ta maharbi tana da izinin da ake nema wurin 'yan sanda. Babu shagon intanet da zai kawo maka harsashi Kano ko Sakkwato bisa doka. Amma mutanen Zurmi da Birnin Gwari da Sabon Birni sun san harsashi bai taɓa yanke wa 'yan bindiga ba. Wani yana shigowa ta hamada tun bayan rushewar Libiya a 2011. Wani ta teku: a Yulin 2024 hukumar kwastan ta nuna kwantena da ta kama a tashar Onne, ɗauke da bindiga 844 da harsashi 112,500. Wani kuma daga cikin gida yake zurarewa, domin rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce makamai da alburusai 178,459 ba a san inda suke ba a rumbunan 'yan sanda, ciki har da AK-47 guda 88,078. A nan ma tambayar ɗaya ce: wa ya sa hannu ya fitar, wa ya sa hannu ya karɓa?

Akwai abu guda da muke yi daidai a gida wanda na so a ce Amurkawa sun koya. Idan ka ba direba saƙo a tashar Unguwa Uku zuwa Kaduna, ba zai taɓa jefar da shi a ƙofar gidan wani ya tafi ba. Zai karɓi lambar wayar mai saƙon, ya kira shi, ya ji sunansa, ya damƙa masa hannu da hannu. Idan bai zo ba, ya bar wa ɗan kamasho ko ofishin ƙungiya, wanda shi ma ya san amana ce a wuyansa. Saƙo yana da mai riƙe da shi tun daga tashi har isa. Sai dai raunin namu yana ɗaya ɓangaren: direba ya san wa zai ba, amma sau da yawa bai san me ya ɗauko ba. Shi ya sa muke yawan jin an kama harsasai a cikin buhun hatsi, ko jarkar manja, ko a jikin matar da aka ba 'yan kuɗi kaɗan ta kai wa mutanen daji. Amurka tana da rubutaccen bayanin abin da ke cikin kwali da sunan mai saye, amma ta saki kayan a mataki na ƙarshe. Mu muna riƙe da mataki na ƙarshe, amma mun rufe ido a na farko. Ina ganin ya kamata shugabannin ƙungiyoyin direbobi su mayar da buɗe saƙo da rubuta sunan mai aikawa ka'ida a kowace tasha, ko don kare direbobinsu daga ɗaurin da ba su ji ba ba su gani ba.

Ga 'yan uwana mazauna nan kuwa, na san wasunmu sun mallaki bindiga bisa doka, musamman masu shago da masu tuƙin dare, kuma ban zo in yi musu wa'azi a kan hakan ba. Roƙona shi ne kada mu jira majalisar jiha. Idan za ka yi oda, ka zaɓi sa hannun baligi ko da za a ƙara maka kuɗi, ko ka nemi a ajiye maka a wurin kamfanin idan suna karɓa, ko kuma ka taka zuwa shago ka saya da kanka. Gidajenmu cike suke da yara, namu da na baƙi, kuma a lokacin hutun bazara su ne suke fara buɗe ƙofa idan mota ta tsaya. Iyaye kuma su riƙa tambayar kwalin da ya shigo da sunan ɗansu matashi, su buɗe su gani. Waɗanda suka samu takardar zama ɗan ƙasa suna da ƙuri'a, suna da ɗan majalisar jiha da ofishinsa yake amsa waya. A kira shi, a tambaye shi dalilin da ya sa kwalbar giya take buƙatar sa hannu amma kwalin harsashi dubu ba ya buƙata.