Manomin da ya zauna shi kaɗai a majalisar Misisipi

Ranar Asabar na kai wata tsohuwa maƙwabciyata garinsu a gundumar Holmes, arewa da Jackson, babban birnin jihar Misisipi ta Amurka. Hanya shiru, shanu na kiwo cikin shinge ba makiyayi, gidajen katako jefi-jefi. Da muka kai Ebenezer ta dafa kafaɗata ta ce, "Ɗana, nan ne garin su Robert Clark."

Malamin makaranta ne, manomi kuma, a gonar da ya gada kaka da kakanni. A 1967, shekara biyu bayan dokar da ta kare wa baƙar fata haƙƙin jefa ƙuri'a, ya ci zaɓen majalisar jiha, baƙar fata na farko da ya shige ta a ƙarni na 20. Teburin majalisar na mutum biyu ne, amma babu Baturen da ya yarda ya zauna kusa da shi. Haka ya yi shekaru da kujera wayam a gefensa. Bai yi zuciya ya ajiye muƙamin ba. A 1977 ya zama shugaban kwamitin ilimi, a 1992 mataimakin kakaki. Ya rasu a Maris 2025 yana da shekara 96.

Abin da ya tsaya mini a rai bayanin tsohuwar ne. Ta ce a lokacin, mai noma a gonar Bature in ya je yin rajistar zaɓe, sai a kore shi da iyalinsa. Baƙaƙen fata masu gonakin kansu ne suka fara tunkarar ofishin rajista a Lexington, hedikwatar gundumar, a 1963, don ba mai tashinsu.

Ba na yabon Misisipi, har gobe talauci na cin gundumar nan. Mu ma mun yi talakawan NEPU da suka sha ɗauri ba su sauka daga aƙidarsu ba. Amma yau manominmu na zama "Onarabul" sai ya tare a birni, ba a sake ganinsa sai lokacin rabon taliya da atamfa. Masu zaɓensa kuwa gonakinsu sun koma hannun masu kuɗi, da me za su ce masa a'a?

Ni ma fadamar mahaifina aka sayar aka biya mini kuɗin jirgi. Shekara tara ke nan, duk damina sai na kira yayana na tambaye shi ko mai ita zai sayar. Bana ya ce an zagaye ta da bulo.