Minti huɗu a bakin garmaho: ranar da Churchill ya roƙi a yarda da haraji

Akwai wani tsohon faifan garmaho da aka ɗauka a Ingila a 1909, wanda a yau duk mai waya a hannu zai iya lalubo shi a intanet. Idan ka kunna, abin da zai fara dukan kunnenka ƙarar allura ce tana gogar faifai, kamar ana suyar ƙosai a maƙwabta. Can ƙarƙashin ƙarar sai murya ta ɓullo, muryar matashi ɗan shekara 34 mai ɗan tsamin baki. Winston Churchill ke nan. Yawancinmu ta labarin Yaƙin Duniya na Biyu muka san shi, dattijo mai taba sigari a baki yana zuga mutanensa su tsaya wa Hitila. Amma a wannan faifai, wanda ke cikin mafi daɗewar abin da aka adana na muryarsa, zancen kasafin kuɗi da haraji yake yi.

Ba shi kaɗai aka ɗauka ba. A wannan shekara kamfanin Gramophone ya naɗi muryar firaminista Herbert Asquith da ta ministan kuɗi David Lloyd George a kan magana guda, aka buga faya-fayan domin a riƙa kunna su a tarukan siyasa. Lokacin babu rediyo, don BBC sai 1922 ta fara watsa shiri. Makirfo ma bai shigo aikin naɗar faifai ba tukuna. Mai magana zai kafa baki a wani ƙaton bututu mai siffar mazurari, ya ɗaga murya, girgizar muryar ta motsa allura ta yi zane a kan kaki. Kuma faifan ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku zuwa huɗu. A nan maganar ta kama ni. Ranar 29 ga Afrilu 1909, da Lloyd George ya gabatar da kasafin a majalisa, sai da ya kwashe sama da awa huɗu yana bayani, har muryarsa ta dishe aka ba shi hutu. Wannan bayani ne aka ce a matse shi ya shiga minti huɗu, yadda leburan ma'adinin kwal da bai taɓa leƙa majalisa ba zai ji ya gane.

Me ya yi zafi haka? Gwamnatin jam'iyyar Liberal ta ɗauko kaya biyu masu nauyi a lokaci ɗaya. A watan Janairun 1909 aka fara biyan tsofaffi 'yan shekara 70 zuwa sama fansho na sule biyar a mako. Ga kuma tseren ƙera manyan jiragen ruwan yaƙi da Jamus, jama'a na ta ihun a ƙera takwas ba tare da jinkiri ba. Giɓin da ya buɗe ya kai wajen fam miliyan 16. Kowa ya yarda sai an nemo kuɗin. Rigimar ita ce daga aljihun wa.

Mafi yawan 'yan jam'iyyar Conservative sun bi ra'ayin Joseph Chamberlain: a ɗora kuɗin fito a kan kayan da ake shigowa da su. Ingila kuwa alkamar da take ci akasari daga waje take zuwa, don haka 'yan Liberal suka ce wannan haraji ne a kan burodin talaka. Lloyd George, wanda kawunsa mai ɗinkin takalma ya rene shi a wani ƙauye na Wales, ya zaɓi wata hanyar. Harajin kuɗin da mutum ke samu ba da guminsa ba, kamar haya da ribar hannun jari, ya tashi daga sule ɗaya zuwa sule ɗaya da kwabo biyu a kowace fam. Wanda samunsa ya haura fam 5,000 a shekara aka ƙara masa sisi a kowace fam da ta ɗara 3,000, kuma waɗanda wannan ya shafa dubu goma ne da 'yan kai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 40. Galan ɗin fetur aka sa masa taro, a zamanin da mota sai attajiri. Magidanci mai samun ƙasa da fam 500 kuma aka cire masa fam goma daga samun da za a yi masa haraji a kai, saboda kowane yaro da bai kai shekara 16 ba.

Duk waɗannan da masu kuɗi sun yi gunaguni sun haɗiye. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne ƙasa. Kasafin ya ce idan fili ya canja hannu, kashi 20 cikin ɗari na darajar da ta ƙaru a kansa na gwamnati ne, kuma filin da aka killace aka ƙi ginawa za a biya masa rabin kwabo a kowace fam ta darajarsa. Kafin a karɓi wannan kuwa sai an kimanta kowane fili a ƙasar, wato sai an leƙa asirin gidajen sarautar da suka gaji dubban kadada. Churchill, jikan Duke na Marlborough, wanda aka haifa a fadar Blenheim, shi aka naɗa shugaban ƙungiyar kare kasafin, Budget League. Danginsa suka ɗauke shi maci amana, ga shi dama tun 1904 ya bar jam'iyyarsu. A wani jawabi da ya yi a Edinburgh cikin watan Yulin shekarar, ya kawo hujjar da har yau ban ga wanda ya rusa ta ba: jama'a ne ke biyan kuɗin shimfiɗa titi, da jawo ruwa daga nesa, da kawo lantarki, mai fili kuwa yana zaune bai ɗaga ko tsinke ba, darajar filinsa na ninkuwa. Duk wanda ya ga yadda kangon fuloti ke tashin gwauron zabo a gefen gari da zarar an zuba kwalta ya san abin da ake faɗa.

Ra'ayina shi ne darajar faifan ba ta tsaya a daɗewarsa ba. Shaida ce cewa akwai lokacin da manyan ministocin daular da ta fi kowace ƙarfi a duniya suka ga ba su da mafita sai sun tsaya gaban bututu sun lallashi mai biyan haraji. Minti huɗu ba ya barin wurin ɓuya. Jawabin awa huɗu yana ɗaukar kwana-kwana da dogon Turanci, amma a minti huɗu sai ka amsa tambaya uku ko ka ji kunya: wa zai biya, nawa zai biya, me za a yi da kuɗin. Kasafin 1909 yana da amsar ukun, kuma tsohuwar da ke karɓar sule biyar a gidan waya ranar Juma'a tana ganin amsa ta ukun da idonta.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Faifai farfaganda ce mai hanya ɗaya. A taron siyasa na Ingila na lokacin, mutum na iya miƙewa ya katse mai jawabi ya jefa masa tambaya, amma garmaho ba a yi masa tambaya, sai dai a sake ɗaura shi. Ƙari a kan haka, waɗanda ake lallashin ba su ne dukan jama'a ba: mace ko ɗaya ba ta da ƙuri'a a zaɓen majalisa, maza ma wajen huɗu cikin goma ba su da ita. Kuma ba a ce faya-fayan sun juya zukata ba. Majalisar masu sarauta, wato majalisa ta sama a Ingila, ta yi watsi da kasafin ranar 30 ga Nuwamba 1909 da ƙuri'a 350 a kan 75, abin da ba ta yi ba cikin shekaru sama da 200. Da aka je zaɓe a Janairun 1910, Liberal ta zubar da kujeru sama da 100, ta tashi kusan kunnen doki da Conservative, sai da ta jingina da 'yan majalisar Ayilan da 'yan jam'iyyar Leba kafin ta ci gaba da mulki.

Amma a duba abin da ya biyo baya. Tunda an kai maganar gaban masu zaɓe kuma masu goyon kasafin suka fi yawa a majalisar wakilai, masu sarauta ba su da sauran hujja, suka bar shi ya wuce a Afrilun 1910. Bayan wani zaɓen a Disamba, da barazanar cewa Sarki George na Biyar zai naɗa sababbin masu sarauta har su rinjayi tsofaffin, aka yi dokar 1911 wadda ta ce majalisarsu ba za ta iya riƙe dokar kuɗi fiye da wata ɗaya ba. Wato lallashin bai sa kowa ya so haraji ba, kuma ba aikinsa ke nan ba. Abin da ya yi shi ne ya sa wanda ya sha kaye ya yarda cewa a fili aka kayar da shi, ya biya.

Yanzu ga inda labarin ya taɓo mu, kuma a nan nake jin ɗaci. Daga ƙarshen 1905 zuwa 1908 Churchill ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mulkin mallaka. A cikin wannan tsakani, a 1906, Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, ya fitar da dokar da ta tattara kuɗin ƙasa da jangali da sauran abin da sarakuna ke karɓa, ta raba su tsakanin sarauta da gwamnatin Turawa. A 1908 kuma aka kafa kwamiti a Landan kan filayen Arewacin Najeriya, zamanin Gwamna Percy Girouard, kuma cikin mambobinsa akwai Josiah Wedgwood, ɗan majalisa na Liberal mai tsananin riƙo da ra'ayin Henry George, Ba'amurken da tunaninsa ya haifi harajin filayen 1909. Sakamakon kwamitin shi ne dokar 1910 da ta sanya dukan ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon gwamna. Wannan tsari ne ya gangaro ta dokar filaye ta 1962 har zuwa dokar 1978 da ta game Najeriya duka.

Tunani ɗaya, jam'iyya ɗaya, kusan shekara ɗaya. A Ingila sai da aka yi zaɓe biyu, aka buga faya-fayai, aka yi wata bakwai ana kai ruwa rana a majalisa. A Kano da Katsina da Zariya sanarwa aka yi, ta sauko daga razdan zuwa sarki, zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, har ta iso ƙofar manomi. Babu wanda ya tsaya gaban bututu dominsa. Tun daga nan kalmar haraji ta ɗauki warin da take da shi a kunnen Bahaushe, warin gudun dare da ɓoye shanu da kwana a gidan dagaci. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka karɓe shi a matsayin 'yanci, ba wanda ya tsaya lissafin abin da baitulmali ya rasa.

Wannan gadon ne ke sa duk wata sabuwar dokar haraji ta iso mana da zargi tun kafin a karanta ta. Da aka kai ƙudurorin gyaran haraji majalisa a Abuja a ƙarshen 2024, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da tsarin rabon harajin kayan masarufi, aka yi ta ja-in-ja har aka sa hannu a watan Yunin 2025. A duk tsawon lokacin, abin da na riƙa ji a bakin masu shago da 'yan kasuwa daga saƙonnin murya na WhatsApp yake fitowa, wasu gaskiya, wasu ƙirƙira tsagwaronta. Garmahon zamani yana aljihun kowa, amma waɗanda suka rubuta dokar sun fi sakewa a zauren otal da allon majigi, da harshen da mai kayan miya a Kasuwar Rimi ba ya ji. Ni dai abin da nake nema kaɗan ne. Ministan kuɗi ko gwamna, shi da bakinsa, ba kakakinsa ba, ya yi minti huɗu da Hausa ko a fassara masa kalma da kalma: wa zai biya, nawa, kuma wace makaranta ko wane asibiti kuɗin zai tsaya. Idan amsar ba ta shiga minti huɗu ba, ina zargin ba a gama tunaninta ba.

Watakila abin da ke hana su shi ne abin da ya sami mutanen 1909. Harajin filayen da aka yi duk wannan yaƙi a kansa bai kawo kuɗin kirki ba. Aikin kimanta filayen ya ci kuɗi da shekaru, masu ƙasa suka yi ta kai ƙara kotu, sannan yaƙin 1914 ya zo ya dakatar da komai. A 1920 aka soke shi, kuma firaministan da aka soke shi a ƙarƙashinsa Lloyd George ne, yana mulkin haɗin gwiwa da mutanen da ya zaga a da. Churchill kuwa ya koma wajen 'yan Conservative, aka ba shi ministan kuɗi a 1924. A kasafinsa na farko, a 1925, ya rage harajin samu da sisi a kowace fam, ya kuma sassauta wa attajirai ƙarin harajin nan da ya yi yawo yana karewa yana ɗan shekara 34.