Masana'antar Malam Bazazzagi

BAKANO: Salamu alaikum. Kai, ƙaurin me nake ji haka? Hajiya, ko miya ce ta kama?

HAJIYA: Miyata lafiya lau, Alhaji. Abokinka ne ke ƙona fanshonsa. Shiga ka gani, tun hantsi yake babbaka ƙwayayen fitila.

BAZAZZAGI: Gwaji ake yi. Shigo, Alhaji, amma ka naɗe hannun babban riganka, kada ka kwashe min tashan Zariya.

(Tashar Zariyar kuwa tana kan teburin cin abinci, wanda rabon da a ɗora masa kwano tun ranar da ɗan Malam ya aiko masa da ɗan jirgin ƙasa daga Jamus. Yanzu a tabarma ake cin tuwo, har baƙi.)

BAKANO: Ikon Allah. Shekara 35 kana aikin reluwe, ka yi ritaya, ka ɓuge da wasan yara.

BAZAZZAGI: Wasa? Gyara zama in karantar da kai. Ma'aunin 1 bisa 87 ke nan. Faɗin dogon milimita 16 da rabi. Kai ɗin nan in aka rage ka, ba za ka wuce santimita 2 ba, har da hula. Ga layin da ya isa garinku a 1911, kuma sai da ya ratsa ta kanmu tukuna, rubuta ka ajiye. Ga na Gusau zuwa Ƙauran Namoda, 1929. Ga ɗan siririn na Jos da aka gama a 1914, Turawa suka rufe shi a 1957. Ni ban rufe nawa ba.

BAKANO: Wannan kwalin sabulun fa?

BAZAZZAGI: Gidan gurzar auduga ne. Mai dogon bututun can kuma masana'anta ne irin na Cikaji. Haske kawai ya rage. Fitilan ne ya ƙi, da na jona shi sai ya yi fat.

BAKANO: Nawa suka yi fat?

BAZAZZAGI: Goma sha ɗaya. Kuma duk a shagonka na saya.

BAKANO: Allah ya ƙara basira. Ci gaba da gwaji, akwai wani kwalin a mota.

(Ana cikin haka sai ga Ɗan'auta mai gyaran rediyo daga Sabon Gari. Hajiya ce ta aika aka kira shi a ɓoye, ta kuma sha alwashin ba ita ba ce.)

ƊAN'AUTA: Baba, ina wuni. Wai wucewa nake yi na ce bari in gaishe ka.

BAZAZZAGI: Da mita da dalma a hannu kake wucewa? To lafiya lau.

ƊAN'AUTA: Baba, ai wannan ƙwan LED ne. Farin bolt 3 yake ci, ja da rawaya wajen 2. Kai kuma ka ɗura masa 12 ɗin da jirgi ke sha. Kamar a ba jariri malmala huɗu ta tuwon dawa ne. Sai an ɗaura masa resista a ƙafa, mai om 1000, ko 470 in kana son ya yi haske sosai.

BAZAZZAGI: Me resistan ke yi?

ƊAN'AUTA: Yana tare wutar, ya bar daidai cikin fitilar ya wuce.

BAZAZZAGI: Sauran kuma ya tafi ina?

ƊAN'AUTA: Ya zama ɗan zafi, ya bi iska.

BAZAZZAGI: Wato dillali ne. Ya tsaya tsakanin wuta da fitila yana cin la'ada, bolt 9 cikin 12, ko dillalin Kano bai kai shi ba. Ba a gidana ba. Na biya kuɗin 12, fitila zai sha 12.

BAKANO: Gaskiyarka, Malam. Kada ka yarda yaro ya raina maka ilimi.

BAZAZZAGI: Ni da na yi aikin sigina tun uwarsa tana tallan gyaɗa a tasha. Miƙo min wani.

(Fat. Sha biyu. Wani siririn hayaƙi ya tashi daga gindin bututun masana'antar, Malam ya bi shi da kallo har ya ɓace.)

BAZAZZAGI: Kun gani? Masana'antan ya fara aiki. Hayaƙi ne na farko.

HAJIYA: Irin aikin da ya yi jiya, har labulena ya samu rabonsa.

BAZAZZAGI: To, yaro, sa dillalin naka. Ba don na yarda ba, don in nuna maka kuskurenka ne a gaban shaidu. Kawo, ni zan jona da kaina.

(Ya jona. Shiru. Ya busa, ya girgiza, ya ɗan karanta wani abu ya tofa. Shiru.)

BAZAZZAGI: Alhamdulillahi. Ga shi dillalin ya cinye duka.

ƊAN'AUTA: Baba, juya shi ka yi. Ƙafafunsa biyu ba ɗaya ba ne. Doguwar ita ke zuwa wajen jan waya, gajeriyar wajen baƙi. In aka juya ba ya kamawa.

BAKANO: Haba Ɗan'auta, yi masa uzuri. Mutumin da ke cewa "matana ya tafi kasuwa", shi kake so ya bambance ƙafa mace da ƙafa namiji?

BAZAZZAGI: Mu muka koya muku karatu, Alhaji. Har yau nan kuke turo 'ya'yanku Samaru.

(Aka juya ƙafa. Fitila ta kama, sai dai ba tagogi kaɗai suka yi haske ba. Kwalin gaba ɗaya ya ɗauka, har ana karanta sunan sabulun ta cikin fenti.)

HAJIYA: Lalle masana'antar nan ta sabulu ce. Ga farashi ma a jiki.

ƊAN'AUTA: Sai an shafe cikin da baƙin fenti, Baba, a toshe kusurwoyi, haske ya rasa hanya sai taga. Sannan farin nan mai kashe ido na shagon sayar da waya ne. Hasken filin masana'anta na zamanin da rawaya-rawaya yake. A sa irinsa a kan turaku, kada su wuce santimita 11 ko 12, shi ne turken mita 10. Cikin rumfar gyaran tarago kuma a ɓoye ɗaya shuɗi mai ƙiftawa, a ga kamar mai walda na aiki.

BAZAZZAGI: Abin da nake shirin faɗa ke nan ka katse ni.

(Aka yi awa uku. Ɗan'auta na narka dalma, Malam na ba da umarnin abin da aka riga aka gama. Turaku shida na tsinken tsire, kowanne da resistansa, domin a cewar Malam in dai dillalai ne gara su yi yawa su riƙa sa wa juna ido. Sai dai ya kafe a kan dole a jona fitilun a jikin dogo.)

ƊAN'AUTA: Baba, wutar dogo hawa da sauka take yi. In ka rage gudun jirgi fitilu za su dushe, in ya tsaya su mutu.

BAZAZZAGI: Tuƙa mu gani.

(Jirgi ya taso daga Ƙauran Namoda, wato daga wajen filas ɗin shayi. Yana rage gudu zai shiga tasha, fitilun suka koma kamar garwashin taba. Yana tsayawa, ɗif.)

HAJIYA: Wannan kam ka kwaikwayo unguwarmu.

BAKANO: Ina da batirin babur, bolt 12 cif. Farashin zumunci.

(Farashin zumuncin ya ɗara na kasuwa da kaɗan. Aka raba wa fitilu layinsu daban. Ana ɗaura waya ta ƙarshe aka ɗauke wutar gari, kamar da ma jira ake yi. Tudun Wada ta yi baƙi ƙirin, sai teburin Malam kaɗai: tagogi na haske, turaku na zuba rawaya a kan tarago, mai walda na ƙifce-ƙifcensa. Maganar gaskiya abin ya yi kyau, har Bakano ya manta bai ƙirga canjinsa ba.)

BAZAZZAGI: Hajiya, buɗe taga. Buɗe duka. A faɗa wa unguwa masana'anta ɗaya ne ke aikin dare a ƙasar Zazzau, kuma a gidana yake.

WATA MURYA DAGA ZAURE: Salamu alaikum. Mai rabon takardar kuɗin wuta ne. Na ji ana maganar masana'anta?

HAJIYA: A'a ɗan nan, abin wasa ne na...

BAZAZZAGI: Hajiya!

MAI TAKARDA: Baba, a rubuce gidan zama ne nan. In masana'anta ce, kuɗinta daban. In kuma abin wasan yara ne, ka faɗa da bakinka in wuce.

BAKANO: Faɗi mana, Malam. Kalma uku ce. Abin, wasan, yara.

ƊAN'AUTA: Baba, da batir ma take aiki, ka ce masa...

BAZAZZAGI: Yi min shiru. Ɗana, rubuta masana'anta.

MAI TAKARDA: Guda nawa?

BAZAZZAGI: Biyu. Har da gidan gurza.

MAI TAKARDA: Akwai injin walda?

BAZAZZAGI: Leƙo ka gani da idonka, ko hutawa ba ya yi.