Kafin Ka Nemi Kujerar Dattijo, Leƙa Gidanka

'Yan'uwana maza, musamman ku da ba ku daɗe da aure ba, yau da ku nake. Da zarar lokacin zaɓen dattawan ikilisiya ya ƙarato, sai a shiga zirga-zirga kamar ta 'yan siyasa: wannan na bin gida-gida da gaisuwa, wancan ya dawo zama a bencin gaba da babbar riga. Son aikin ba laifi ba ne, manzo Bulus ma ya kira shi kyakkyawan aiki. Amma ku karanta 1 Timoti 3 har ƙasa. A aya ta 4 da ta 5 gida ya tsaya a kai, ya tambaya yadda wanda ya kasa riƙe gidansa zai kula da ikilisiyar Allah. Ya maimaita wa Titus wannan sharaɗi. Digiri ko kauri na aljihu ba su cikin jerin.

To mu duba gidajenmu. Ko a wace ɗarikar coci kake, ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, ka san Zumuntar Mata ce ke cika majami'a a tsakiyar mako, ranar taron maza kuwa sai a yi ta jiran mutane. A gida ma haka. Da asuba uwa ce ke tayar da yara, ta ɗauko littafin waƙoƙi, ta karanta aya, ta yi addu'a, maigida na ɗaki da waya a hannu. Ran Lahadi ita ce ke neman takalmin ƙaramin, ta ɗaura wa kowa kuɗin baiko na coci a hannu, ta kora su makarantar Lahadi. Afisawa 6:4 kuwa ubanni ta kira da suna a kan tarbiyya.

Mun iya haddace cewa miji shi ne kan mace. Ayar da ke gaba kaɗan, Afisawa 5:25, wadda ta ce miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da ransa dominta, ita ce muke tsallakewa. Akwai mai tashi a taron gudummawar ginin coci ya yi alkawarin buhunan siminti ana tafa masa, alhali an koro 'yarsa daga makaranta saboda kuɗi. Matarsa na zaune a wajen, ta sunkuyar da kai.

Ku tuna Eli, firist a Shilo, wanda ya shugabanci Isra'ila shekara 40. 'Ya'yansa Hofni da Finehas suna ƙwace naman hadaya, suna kwana da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa ta sujada. Ya yi musu magana, amma bai hana su ba. Rana ɗaya suka mutu a yaƙi, aka ƙwace akwatin alkawari, shi kuma ya faɗo daga kujera wuyansa ya karye yana da shekara 98.

Don haka ka fara daga daren yau. Ka dawo gida kafin yara su yi barci, ka tara su, kai da kanka ka buɗe Littafi Mai Tsarki, ko da karatun naka da tuntuɓe ne. Ku kuma masu zaɓe, kafin ku rubuta sunan mutum, ku saurari abin da maƙwabtansa ke ji ta katanga.