Ranar da muka juyo ba mu kai ƙololuwa ba

A watan Afrilun da ya wuce abokan aikina a nan Suwizalan suka ja ni hawan dutse kusa da garin Davos. Mun tashi da ƙarfe huɗu na asuba, kowa da fitila a goshi, dusar ƙanƙara kuwa ta sandare tana ƙara a ƙarƙashin ƙafa kamar ana tauna ƙanzo. Wajen ƙarfe goma, muna hango ƙololuwa, sai jagoranmu ya taka gefen hanya, ƙafarsa ta nutse har gwiwa. Ya ɗebi dusar ya matse, ruwa ya ɗiga, nan take ya ce a juya. Na ce masa ai saura ƙiris, mu ƙarasa, Allah zai tsare. Wata daga cikinmu ta yi dariya, ta ce daman ta ji mu 'yan Afirka komai sai mu bar wa Allah.

Maganar ta yi mini ciwo, duk da cewa jagoran ya fi ni gaskiya. Dusar da ke kan dutse hawa-hawa take, kowace zuba da shimfiɗarta, wata mai ƙarfi, wata mai rauni. Da bazara rana kan narkar da saman, ruwa ya tsiyaya ciki ya kwance abin da ke riƙe da shimfiɗun, sai gangare guda ya zaftaro da nauyi kamar kwaɓaɓɓen siminti. Idan dare ya yi garau, saman yakan sake daskarewa ya ɗauki mutum har hantsi, amma idan an kwana da gajimare, tun asuba akwai haɗari. Gangaren da ke kallon gabas shi ke fara laushi, kuma mafi yawan zaftarewa kan auku ne inda karkatar dutse ta kai digiri 30 zuwa 45. Har ƙurar Sahara, 'yar uwar hazon da muke sha da hunturu, takan ƙetaro teku ta sauka a kan dusar, ta rina ta ja-ja, ta sa ta ƙara shan zafin rana.

Ba na musun tsarin mutanen Suwizalan. Tun 1936 ake binciken dusar ƙanƙara a Davos, cibiyar da ke can tana fitar da sanarwar haɗarin zaftarewar dusa safe da yamma a tsakiyar lokacin sanyi, kuma tun 1993 ƙasashen Turai suka daidaita a kan ma'aunin haɗari mai mataki biyar. Da gawa suka sayi wannan ilimi, domin a hunturun 1951 zaftarewar dusa ta halaka mutum 98 a ƙasar nan.

To amma wa ya aike su? Kusan tara cikin goma na masu yawon dutse da dusar ke binnewa, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da ita, kuma wajen rabin masu mutuwa a mataki na uku suke mutuwa, bayan an riga an yi gargaɗi. Sun san wanda aka binne, in ya wuce minti 15 ba a tono shi ba, damarsa ta fara ƙarewa, amma suna ɗaukar shebur da na'urar nema su hau don nishaɗi kawai. Ni dai ban ga bambancin wannan da abin da aka yi mini gori a kai ba.

Mahaifina bai taɓa karanta sanarwar yanayi ba, amma kafin ruwan fari sai ya sa an yaɓe soro, an shafa makuba, an share indararo, kuma daga launin hadarin gabas yake sanin ko za a shigar da awaki. Shekarar da madatsar Bagauda ta fashe, 1988, gidanmu da ke kusa da Dala bai zube ba, saboda kududdufin bayan gida ya shanye ruwan unguwa. Mu ma mun iya karanta alamu, rubutawa ne kawai ba mu yi ba.

Da na kira Yaya a daren nan na ba shi labari, dariya ya yi, ya ce ni da na girma ina hawan Dala ba takalmi. Na tambaye shi kududdufin, ya ce an cike shi an gina shaguna, kuma bara ruwa har zaure ya shiga, sai da suka kwana suna kwalfewa da bokiti, Inna na zaune a kan turmi tana haska musu fitila.